Neman kalma: bishiyar da aka datse kanta take sake toho, me sunanta?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina bin wani safiyo aikin awon filaye a nan Kumasi. Ni ke riƙe tef da littafi, ni ne kuma tafinta idan mai fili Bahaushe ne. Makon jiya a wajen Asokore Mampong mun tarar da darbejiya bakwai jere a kan iyaka, duk an datse su daidai inda adda ke kaiwa idan mutum ya miƙa hannu. Kan kowacce ya yi ƙullutu kamar dunƙulen hannu, sababbin rassa sun fito tsaye kamar tsintsiya. Maigidana safiyo ya rubuta pollard da Turanci. Dattijon da ke da filin ya tambaye ni abin da aka rubuta, na ce kututture. Nan take fuskarsa ta canja. Ya ce, "Yaro, kututture ne nake sarar itacen girki a kansa duk bayan shekara biyu?"

Gaskiya tasa ce, kuma abin ya tsaya mini a rai. Idan gwamnati za ta karɓi fili, sashen kimanta dukiya na Hukumar Filaye ta Gana yana ƙirga amfanin gona da bishiyoyi masu amfani don biyan diyya. Wanda ya ji an kira bishiyarsa kututture, ai ji zai yi an kashe masa ita a takarda.

Turawa kalma biyu gare su. Pollard ita ce wadda ake datsewa a sama, kamar mita 2 zuwa 3 daga ƙasa, don kada dabbobi su cinye sabon ganye, a bar ta ta cika a sake sara a wuri guda. Coppice kuma a gindi ake sare ta, ta fito da sanduna da yawa. Bambancin yana shafar awo. Kaurin bishiya a mita 1.3 daga ƙasa muke auna shi. Ta farko tana da gangar jiki ɗaya a wurin, sai dai tsayinta yana ruɗin mutum: ka ga gajeruwa alhali ta girmi kakanka. Ta biyu kuwa sanduna biyar ko goma za ka tarar, kowacce da nata kaurin. Don Allah a taimaka mini da Hausarsu.

Wani dattijo daga Aboabo:
Wa alaikumus salam, ɗana. Aikin ba baƙo ba ne a wurinmu. A arewa da rani Fulani na hawa maɗaci da kawo su sare wa shanu ganye, haka ake yi wa kuka saboda miya. Ni dai aski nake ce masa. A rubuta askakkiyar bishiya.

Malamar makaranta, Asawase:
Baba, a gafarce ni, aski yana da daɗin faɗa amma ya yi faɗi. Wanda ya daidaita shingen furanni da almakashi shi ma aski ya yi. Na so in ce datsattsiya, sai na tuna mangwaron ƙofar gidanmu da aka datse sau ɗaya saboda wayar lantarki. Shi ma datsattse ne, amma ba don a riƙa cin amfanin rassansa aka yi ba.

Wani ɗan Maraɗi mazaunin Sabon Zango:
A ƙasarmu manoma na barin kututture ya tofo, su zaɓi sanduna masu ƙarfi su rage sauran. Sassabin zamani ake ce masa, ya bazu tun shekarun 1980. Amma wannan sunan aiki ne, ba sunan bishiyar ba.

Hajiya mai sayar da itace, Alabar:
Ku duk saran kuke kallo. Mu da muke sayen itacen toho muke tambaya: na kai ne ko na gindi? Sandar da ta fito daga gindi ta fi miƙewa, ita masu rumfa ke nema.

Mai tambaya:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, kin warware mini. Safiyo ba ya nan ranar da aka yi sara. Abin da idonsa ke gani shi ne inda tohon ya fito da ƙullutun da maimaita sara ya bari. Saboda haka zan rubuta mai tohon kai a madadin pollard, mai tohon gindi a madadin coppice. Kututture ya tsaya a kan wanda ya bushe, in ka kankare ɓawonsa da farce ba ka ga ɗanye ba. Mangwaron Malama kuma datsattse kawai, tunda babu ƙullutu a kansa.

Baba na Aboabo, askinka ma bai faɗi ƙasa ba: aikin da kansa zan riƙa kiransa askin kai. Ranar Alhamis za mu koma kafa duwatsun iyaka, zan karanta wa dattijon nan sabon sunan darbejiyoyinsa in ji ko ya karɓa.