Tambaya: kalmomin Turancin da na haddace ba sa zuwa bakina

Ɗalibi, Samaru:
Assalamu alaikum malamai. Ina shirin zana JAMB, kullum ina haddar kalmomi daga ƙamus. Karatu ina fahimta daidai gwargwado, amma da an zo magana sai su ɓace, wadda ta zo kuma in sa ta inda ba muhallinta ba. Karin maganar Turawa kuwa, ko na san kowace kalma ba na gane inda aka dosa. Wace hanya zan bi?

Malamin Turanci, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙwaƙwalwarka lafiya lau take. Kalma ɗai-ɗai kake haddacewa, ita kuwa kalma da abokan tafiyarta ake koyon ta. Dubi "sha". A wurinmu ruwa sha ake, magani sha ake, haka taba da lemo. Bature kowanne da nasa: "drink water", "take medicine", "smoke a cigarette", "eat an orange". Wanda ya haddace "drink" ita ce sha, shi zai shiga kemis ya ce "I drank medicine". Haka "ji" ta rabu zuwa "hear", "feel", "smell" da "understand". Aro ma biyu ne a wurinsu: mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend", shi ya sa "borrow me your pen" kuskure ne.

Ka samu littafi guda, ka raba shafi gida uku: kalmar da abokiyar tafiyarta, jimlar da ka tsince ta a ciki, sai jimlarka ta kanka a kan abin da ka sani, ko hawa Keke Napep ne daga Samaru zuwa PZ. Takwas zuwa goma a rana sun isa. Ka rufe Turancin ka gwada tunowa washegari, sai bayan kwana uku, mako guda, wata guda. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a ranar farko, don haka bitar washegari ba a tsallake ta. Manhajar AnkiDroid kyauta ce, tana tsara maka ranakun da kanta. Kuma ka daina bin ƙamus daga A. Nemi jerin Oxford 3000 a intanet, su ne kalmomin yau da kullum.

Malama, Kongo:
Na yarda da Malam, sai dai wanda jarrabawa ke gabansa kada ya jinkirta karin magana. Ka fara da aikatau masu ɗan wutsiya, don su suka cika maganar Turawa. "Put off" ɗage lokaci ne, "put out" kashe gobara, "put up with" haƙuri da abu. "Look for" nema, "look after" kula. Wutsiyar ce ke juya ma'ana. Irin su "raining cats and dogs" ka san su saboda takarda, da wuya ka ji su a hira.

A kula da "I'm coming" da mutum ke faɗi yana fita. "Ina zuwa" ce aka ɗauko. A Sabon Gari kowa zai gane, a Ingila "I'll be right back" ake cewa.

Don kunne, shirin 6 Minute English na BBC yana zuwa da rubutaccen abin da aka faɗa. Ka saurara ba ka duba ba, ka sake kana bin rubutun, na uku ka riƙa maimaitawa da ƙarfi.

Tsohon malamin sakandare, Ƙofar Doka:
Ɗana, a haɗa da furuci. "F" ɗinmu da leɓɓa biyu muke yin ta, shi ya sa "pull" da "full" ke cakuɗe mana. Riƙe 'yar takarda gaban bakinka: a "pull" leɓɓa su haɗu su fashe har takardar ta motsa, a "full" haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. "Vote" ma haƙora ne a kan leɓe, in ba haka ba ta koma "boat".

Ɗalibi, Samaru:
Allah ya saka da alheri. To wane ƙamus zan riƙe?

Malamin Turanci, Tudun Wada:
Amin. Na masu koyo, Turanci zuwa Turanci, kamar Oxford Advanced Learner's. Misalan da ke ƙarƙashin kalma ka fi karantawa. Ka lura da alamar U a gefen suna, tana nufin ba a ƙirga shi: "advice", "information", "furniture" da "equipment" ba sa ɗaukar "s", sai dai ka ce "a piece of advice".