Abin da masu haɗa hot rod da hannunsu ke ba da shawara

Hot rod tsohuwar mota ce da Amurkawa ke rage wa nauyi su ɗora mata inji mai ƙarfi. Samarin kudancin Kalifoniya ne suka faro abin a shekarun 1930, suna gwada gudu a busassun tafkuna irin El Mirage. Har yau Ford ƙirar 1932 ce abar so.

Da masu wannan sha'awa suka zauna hira, sun fi nanata a fara da birki da sitiyari, inji ya biyo baya. Ford ba ta koma birkin mai ba sai 1939. Birkin kafin nan sanduna ko waya ke jansa, ɗora wa mota mai irin wannan birki inji mai ƙarfi kuwa neman ajali ne. Kafin ka biya kuɗi, shiga ƙarƙashin motar da sukundireba ka caccaki firam ɗin, wato ƙarfen da jikin motar ke zaune a kai. In ƙarfen yana ɓarɓashewa, tsatsa ta riga ka.

Sun kuma ce ka ɗauki hoto kafin ka kwance komai, ka zuba notuna a leda da rubutu a jiki. Tsohon injin V8 na Ford, mai silinda takwas, yana saurin zafi, domin hayaƙinsa na ratsa cikin gangar jikin injin, don haka kada a yi rowar lagireto.

A kan walda ne suka rabu. Wasu sun ce daɗin na wurin yin komai da kanka, har ranar da injin zai fara tashi. Ni dai ina tare da masu cewa waldar firam a bar wa gwani.