Za a daskarar da naman mahaifata, ba zai lalace ba?

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara tara ke nan da aurenmu, sau biyu ana mana dashen ciki na IVF (wanda ake haɗa ƙwai da maniyyi a laburatare) bai kama ba, 'yan tayin kan daina girma a kwana na uku. Yanzu likita ya ce zai ɗebo ɗan nama daga bangon mahaifata wata guda kafin a fara allurai, a raini ƙwayoyin halittarsa, a daskarar, sai lokacin ciro ƙwai a narkar da su a kwantar da 'yan tayin a kai. Ni dai na san yadda nama ke yin ruwa in ya fito daga firiza. Me zai rage a ciki? Maigida fili ya sayar, ba na son a zubar da kuɗin.

Ɗan Laburatare: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kawo masu albarka. Abin da ke ɓata naman firiza ƙanƙara ce: ruwan cikin ƙwaya ya daskare, ya yi tsini, ya huda ta. Shi ya sa mu sai mun fara jiƙa ƙwayoyin da sinadari irin su gilisarin ko DMSO, mu sauke sanyin sannu a hankali, sannan su shiga tukunyar ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifiri. A wannan sanyin komai ya tsaya cak, kuma tukunyar ba ruwanta da ɗauke wuta, ruwan kawai ake ƙara mata.

Wasu ƙwayoyin suna mutuwa, wannan gaskiya ne. Iri biyu ne a naman: na gilan masu fitar da ruwan da ke ciyar da ɗan tayi, da na tsokar da ke riƙe su. Na biyun sun fi jure sanyi, na farkon sun fi saurin karaya. Ana narkarwa tun kafin ranar, a ga sun manne a faranti sun bazu. Ki tambayi likitan: in ba su tashi ba, me zai yi, kuma za a mayar miki da kuɗin?

Anti Likita: Ƙanwata, ni ba sanyin ne damuwata ba. Asibitin jami'ar Cornell da ke New York da cibiyar haihuwa ta IVI ta Balensiya a Sifaniya ne suka shahara da wannan hanya tun shekarun 1990, lokacin ruwan rainon 'yan tayi bai kai ingancin na yau ba. Yanzu wurare kaɗan ke yi. Akwai rahotannin da suka nuna ta taimaki waɗanda dashe ya sha ƙi musu, amma hujjar ba ta yi ƙarfi ba. In matsalar daga ƙwan ne ko maniyyi, shimfiɗar ƙwayoyin mahaifa ba za ta gyara ba. Shekarunki nawa? An duba maigida sosai?

Uwargida: 34, Anti. Shi sau ɗaya aka duba shi, tun kafin dashen farko. Ranar Litinin da shi za mu koma in sha Allahu.