Shawarwari ga mai son fahimtar aƙidar Hindu

A wata tattaunawa kan yadda mutum zai fahimci aƙidar Hindu, yawancin waɗanda suka yi magana sun ce kada a ɗauka 'yan Hindu bakinsu ɗaya. Akasarin 'yan Hindu sun yarda rai, wato Atman, ba ya mutuwa, jiki yake sauyawa kamar riga. Alaƙarsa da Brahman, asalin komai, nan aka rabu: mabiya Shankara, wani malamin Hindu, sun ce abu ɗaya ne, na wani malamin, Madhva, suka ce bawa daban, Ubangiji daban. Don haka ka fara tambayar mutum wa yake bi.

Kan mutunta addinin wani, an kawo jawabin da Vivekananda, wani malamin Hindu, ya yi kan haka a Shikago ta Amurka a 1893. Wani dai ya ja kunne, kuma da gaskiyarsa, cewa wannan koyarwa ba ta hana rushe masallacin Babri na Indiya a 1992 ba. In za ka shiga wurin bautar 'yan Hindu kuwa, bar takalmi a ƙofa.