Ƙwallon na ciki, mai bugun na waje

Direban Tasi:
Salamu alaikum. Ran Asabar na ajiye mota na kwashi yara muka tafi Cooperstown, tafiyar wajen awa huɗu daga New York, inda Amurkawa suka buɗe zauren gwarzayen besbol a 1939. Don waɗanda ke gida: sai ɗan wasa ya shekara 5 da ajiye sanda, sannan 'yan jarida su fara kaɗa masa ƙuri'a. In ya shekara 10 bai sami kashi 75 cikin 100 ba, wannan ƙofar ta rufe, sai in kwamitin dattawa ya tuna da shi. Na ga ƙwallon da Barry Bonds ya karya tarihin homran da ita, wato bugun da ke tsallake katanga. Tana cikin gilashi, an yi mata tambarin tauraro na tuhumar cewa ya yi amfani da allurar ƙara ƙarfi. Shi kuwa babu allonsa a bango, wato allon tagullar da ake kafa wa duk wanda aka zaɓa. Autana ya ja mini riga ya ce, "Baba, ƙwallon ce ta buga kanta?" Na rasa amsa.

Na je zauren na sha kallo,
Tagulla jere kan allo,
Sun killace masa ƙwallo,
Shi kuwa sun bar shi waje.

Homran 762 ya buga,
Masu jifa in sun gan shi su ruga,
Kambun gwani 7 ya ɗaga,
Wai duk da haka yana waje.

Ku gaya mini, masu hankali,
Wane ne alƙalin alƙali?
In dai ana bin dalili,
Wa zai bar Bonds a waje?

Hajiyar Atlanta:
Sannu da hanya Direba. Ka kai yara yawo ka dawo da rabin labari, ba ka ambaci BALCO ba, kamfanin da aka kama yana raba wa 'yan wasa magungunan ƙara ƙarfi.

Direba, son gwani ya rufe maka ido,
Ka ga ƙwallo, tauraron ka ƙi dubawa.
Siririn yaro ne a Pittsburgh,
San Francisco ya je ya koma giwa.
Ba tuwo ba ne, kuma ba fura ba,
Je ka BALCO, can aka yi dafawa.
Hank Aaron namu 755 ya yi,
Da zufa da damtse da tsagwaron baiwa.
A 1974 da zai wuce Babe Ruth,
Wasiƙu ake aiko masa na mutuwa.
Bai fasa ba, bai nemi allura ba,
Shi ne sarki ko ka ƙi amsawa.

Ɗan Zongo:
Kai! A kawo ruwa a yayyafa wa Direba. Hajiya, Allah ya bar mana ke.

Direban Tasi:
Ban suma ba tukuna, Ɗan Zongo, riƙe ruwanka, sai na zo kan Selig, shugaban wasan na wancan lokaci.

Hajiya kin iya zambo, na sara,
Amma lissafinki da saura,
Kafin a fara zancen allura,
Kambu 3 ya riga ya aje.

Kotu ta ƙulla ta kwance,
A 2015 ta kashe zance,
Ɗan jarida shi ne ya ce,
A'a, ya ci gaba da zaman waje.

Selig da ke riƙe da gari,
Sanda allura ta yi kamari,
2017 ya shige da kirari,
Mai gona ciki, ɗan ƙwadago waje.

Malamin Kari:
Afuwan jama'a, ni ba ruwana da allurar kowa. Direba, karanta ɗangon nan naka da baki: "Homran ɗari bakwai da sittin da biyu ya buga." Lambar kaɗai gaɓa 10 ce. Ka buɗe waƙa da ɗango mai gaɓa 8, ka zo ka ɗora mata wannan kaya.

Ka ɓoye gurgu a bayan lamba,
Kana zaton ba za mu duba ba.
Gaɓa 8 ka ɗauko da fari,
Ka kai 15 ba ka gaji ba?

Ɗan Zongo:
Malam, ga 8 ga 15 a naka baitin. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Malamin Kari:
"Takwas" gaɓa 2, "sha biyar" gaɓa 3. Ƙirga ɗangwayen huɗu da yatsa, goma-goma ne. Na auna kafin in yanka.

Na Boston:
Ku yi ta ƙirga, ni gwanina David Ortiz, da muke kira Papi a Fenway, filinmu na Boston, yana ciki yana shan inuwa.

Ku bar musu kan wanda aka hana,
Ku zo ku gaida Ortiz gwanina.
Ɗan Dominika, bijimin Fenway,
Shekarar farko ya shige da rana.
2004 Yankees na da 3 muna da 0,
Sun sayi rago suna shirin suna.
Papi ya tashi dare biyu a jere,
Ya bar wa Bronx takaici da ƙuna.
Shekara 86 muna ƙishirwa,
Shi ya haƙa rijiya a gidana.

Direban Tasi:
Yauwa, ka kawo kanka. Zaɓen 2022 ɗin da Ortiz ya sami kashi 77.9, a nan Bonds ya tsaya a 66, Roger Clemens mai kambun jifa 7 ya tsaya a 65.2, kuma shekararsu ta ƙarshe ke nan. Takarda ɗaya, alƙalami ɗaya. Ɗan Zongo, kai mai hawa jirgin ƙasa mai lamba 4 zuwa filin Yankees a unguwar Bronx, na bar maka shi, ina kan hanyar filin jirgi.

Ɗan Zongo:
Na Boston, rufe baki haka nan,
Sunan Papi ya fito a jerin nan,
Gwajin 2003, mun ji wannan,
Murmushi ne ya wanke shi.

Bonds ya ɗaure wa 'yan jarida fuska,
Suka sheƙe ƙuri'unsa a iska,
Mai fara'a aka buɗe wa taska,
Zargi ɗaya, ba a tsare shi.

Hau jirgi mai lamba 4 ka ga aiki,
Rivera mai kulle ƙofar ɗaki,
Ƙuri'a 425, ba mamaki,
Babu ko ɗaya da ya ƙi shi.

Na Boston:
Shugaban wasan, Manfred, da bakinsa ya ce wancan gwajin magungunan ƙara ƙarfi ba abin dogaro ba ne, kuma Papi bai taɓa faɗuwa wani gwaji bayansa ba. Maganar ƙofa kuwa, ga ta Rivera mai jifan rufe wa Yankees wasa, da 'yan ƙungiyarsa Jeter da A-Rod,

Ƙofar da Rivera ya kulle da dare,
Dave Roberts ya sace hanya ya shige.
Jeter naku ƙuri'a ɗaya ta kufce,
A-Rod na bakin titi ya jingine.

Ɗan Zongo:
396 cikin 397 kake wa dariya? Wanda ya hana Jeter tasa ya ɓoye sunansa, ni na san ɗan garinku ne.

Hajiyar Atlanta:
Haka aka yi wa Ichiro a 2025, ƙuri'a ɗaya ta hana shi cikewa. Shi ma ɗan Boston ne ya yi? Kullum akwai mai zuba tsakuwa a shinkafa.

Malamin Kari:
Na Boston, "dare, shige, kufce, jingine." Wasali kawai ka bi, baƙin kowa ya kama gabansa. Wannan ba amsa-amo ba ne, haɗuwar tasha ce. Sannan ku duka kuna cutar kari da sunayen nan. Bakin Bahaushe ba ya tara baƙaƙe uku a gaɓa ɗaya. In za a auna, "Buronkis" ne, gaɓa 3.

Ɗan Zongo:
Shekarata 19 a unguwar nan tun da na baro Kumasi, ban taɓa jin mai cewa Buronkis ba.

Malam ya zo da ma'auni da sikeli,
Zai auna Bronx kamar buhun gero.
Mu muna filin wasa muna ihu,
Shi yana gefe yana ƙirga zero.

Malamin Kari:
"Sifili" ake cewa. Ka aro kalma don gero ya sami abokin tafiya.

Hajiyar Atlanta:
Malam, a yi mana sassauci. Makaɗan gargajiya da suka cika kunnen ƙasar Hausa, wa ya gan su da takardar arulli? Kalangu ne ma'auninsu. In ɗango ya yi tsawo, a ja numfashi a haɗiye shi.

Malamin Kari:
Hajiya, wancan waƙar baka ce, kiɗa ke ɗaukar nauyinta. Mu rubutu muke yi, rubutacciyar waƙa kuwa tun zamanin masu jihadi kan kari take tafiya, ko mutadarik, ko kamil, ko rajaz. Ina kalangun yake a nan? Amma gaskiya ɗaya, naki amsa-amon na "wa" bai karye ko sau ɗaya ba.

Na Boston:
To, ga shi nan. Nata bai karye ba don ita Hajiya ce. "Aaron namu 755" gaɓa nawa ne, Malam? Ko sikelin ya lalace da aka zo kanta?

Ɗan Zongo:
Yau ɗaya na yarda da ɗan Boston. Allah ya yafe mini.

Malamin Kari:
Amsa-amo na yaba, ban ce kari ba. Ku riƙa karantawa kafin ku yi tsalle.

Na Fagge:
Ni daga Kano nake bin ku, ban taɓa ganin wasan nan ba ko a talabijin. Kwana biyu ina jiran a gaya mini wa ya shiga wa ya fita, sai gaɓa nake ji.

A dambe kowa da layarsa a damtse,
Ba a hana shi kirari in ya yi kisa.
Ku ba mai sandan nan allonsa,
In ya so a rubuta "da taimako" a ƙasa.

Direban Tasi:
Na Fagge, ka fi 'yan jarida 400 hankali.

Baba Cincinnati:
Yara, ku yi haƙuri na makara, sai da jikata ta zo ta buɗe mini wayar. Na ga an yi kwana uku ana faɗa, ba wanda ya ambaci mutumin garinmu. Na sha ganinsa a filin Riverfront, hularsa na tashi sama in ya faɗa da ƙirji, rigarsa ba ta taɓa komawa gida fara ba.

Kun cika zaure da gardamar gaɓa,
Ku matsa wa tsoho ya sami wuri.
Pete Rose nake kuka, ɗan Cincinnati,
Mai nitso cikin ƙura da ka da sauri.
Bugu 4,256 ya tara,
Har yau ba wanda ya kai wannan tari.
Ya yi caca yana kocin Reds, na sani,
1989 aka kore shi daga gari.
Shekara da shekaru yana cewa bai yi ba,
2004 da kansa ya tona asiri.
Ya roƙa, ya tsufa, ya sake roƙo,
Aka ce dattijo ƙara haƙuri.
Satumbar 2024 ya cika,
Watan Mayu aka ɗage takunkumi kan kabari.
Santo na Chicago haka aka yi masa,
Sai da ya kwanta aka yi masa kirari.
Buck O'Neil, Dick Allen, duk layi ɗaya,
Allon tagulla bayan likkafani fari.
Dave Parker an zaɓe shi yana numfashi,
Saura wata guda ya tafi, ana ta shiri.
Me gawa za ta yi da tagulla?
A ba mutum furarsa tun yana marmari.

Ko yanzu ba shiga Rose ya yi ba. An dai ce kwamiti na iya duba takardarsa.

Ɗan Zongo:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na ajiye alƙalami. Dick Allen sau biyu ƙuri'a ɗaya tana hana shi a kwamiti, na biyun ma bayan ya rasu.

Hajiyar Atlanta:
Baba, barka da fitowa. Kan O'Neil da Santo ban da ta cewa, an yi musu ba daidai ba. Kan Rose kuwa, akwai dokar da ta hana caca a wasan,

Baba na rusuna, a gafarce ni,
Doka ta 21 na nan a bango.
Kowane ɗakin 'yan wasa an liƙa ta,
Rose na wuce ta kullum kamar ango.
Tun 1919 da aka zargi 'yan Chicago 8
Da sai da kofi, caca ce ƙarshen zango.
Mai allura dai nasara yake nema,
Mai caca kan mai da fili kango.

Direban Tasi:
Tsaya! Jama'a ku shaida. "Mai allura dai nasara yake nema." Wa ya faɗa?

Hajiya ta shigo motata,
Ba ta tambayi kuɗin hanyata,
Da bakinta ta wanke gwanin nata,
Saura ta ce a daina barinsa waje.

Hajiyar Atlanta:
Gwanin wa? Na ce ɓarawon akuya ya fi ɓarawon saniya sauƙin laifi, ban ce a naɗa shi sarkin fawa ba. Sauke ni a nan.

Malamin Kari:
Direba, "ba ta tambayi" ina "ba" ɗin ƙarshe? Ka yar da nahawu a titi don "hanyata" ta zauna.

Baba Cincinnati:
'Yata, na ji dokar, ban ce ba ta nan ba. Shi dai har ya koma ga Mahaliccinsa cewa yake Reds ya zuba wa kuɗi su ci, bai taɓa zuba su faɗi ba. Abin da ke ci mini rai, yau in na kunna wasa, tallar kamfanonin caca ce ke katse shi.

Sun kori mai caca daga zaure,
Suka kira gidan caca ya zauna.

Biyu kawai na iya, jikar tawa za ta tafi.

Na Boston:
Baba ya yi ɗango biyu ya fi na wasu goma sha biyu. Ban kira suna ba, amma yana hawa jirgi mai lamba 4.

Ɗan Zongo:
Kofi 27 na Yankees ke magana, mai 9 na Boston ya yi shiru.

Malamin Kari:
Baba, da girmamawa, ɗangon "Watan Mayu aka ɗage takunkumi kan kabari" ya ɗan yi tsawo. In aka ce "Mayu aka ɗage hani kan kabari" zai zauna.

Hajiyar Atlanta:
Malam, har Baba?

Direban Tasi:
Autana ya sake tambaya da safe ko an sami amsar. Na ce masa ana kan ƙirga gaɓa. Ga fasinja ya shigo da hular Boston a kansa, zuwa Queens, kuma akwai cunkoso a gada. Zan dawo da baiti uku.