Taƙaitawa: laftof ɗin da ya ƙi tashi, daga ina ake fara duba bod?

'Yan'uwa, ga abin da na tattaro daga maganganunku kan duba bod, wato babban allon da kayan cikin laftof ke manne a kai, idan laftof ya ƙi tashi.

1. Kowa ya yarda: cire batir da caja kafin ka taɓa bod. Sannan ka gwada cajar da mita (na'urar auna wuta), yawancinsu bolt 19 suke bayarwa. Sau da yawa laifin cajar ne ko bakin cajin.

2. Idan wuta ta shiga, a bi ta zuwa mosfet biyun da ke kusa da bakin caji (ƙananan makunnai ne da ke buɗe wa wuta hanya), sannan a nemi bolt 3.3 da 5, waɗanda ya kamata su kasance ko ba a danna maɓalli ba.

3. Shot, wato wuta ta yanke hanya ta bi inda bai kamata ba. Nan aka fi daɗewa. Mafi yawa sun ce ƙaramin kafasita (ɗan abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci) ne ke jawo shi. A saka wuta kaɗan, kamar bolt 1, a layin da ke da shot ɗin, a zuba sifirit a kan bod. Inda ya fara bushewa saboda zafi, nan ne mai laifin. An ja kunne sosai kada a wuce ƙarfin layin, domin furosesa, wato ƙwaƙwalwar laftof, ba ta jure wuta mai yawa.

4. Inda aka rabu: wasu na cire kafasitan su bar gurbin haka, wasu sun dage a ciro irinsa daga mataccen bod. Ni ina tare da na biyun.

5. Gasa cif ɗin hoto (wanda ke fitar da hoto a sikirin) da bulowa mai hura iska mai zafi: kaɗan ne suka goyi baya. Sauran sun ce laftof ɗin yakan tashi, bayan makonni ya sake mutuwa, mai kaya ya dawo ransa a ɓace.

6. Kafin a sake rubuta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai fara tayar da laftof, a ajiye kwafin na asali.