Neman Kalmar Hausa: Me Za Mu Kira “Plot Hole”?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu nazarin harshe da masu kallon finafinai a kan wata kalma da ta gagare mu a majalisarmu ta bayan sallar isha'i a Mabera, nan cikin garin Sakkwato. Wani ƙanenmu mai yawan sauraren sharhin finafinai a YouTube ne ya ce kashi na biyu na fim ɗin Terminator, duk da yabon da ake yi masa, yana da abin da Turawa ke kira “plot hole”. Muka ce ya faɗa mana da Hausa, sai ya shiga kewaye-kewaye har shayi ya huce bai kama kalma guda ba, mu ma da muke yi masa dariya muka gwada muka kasa. Tun da masu sharhin fim da Hausa suna ƙaruwa, kuma da yawansu suna jefo kalmar Turancin yadda take, ina ganin lokaci ya yi da za a daddale maganar.

Sai dai kafin raɗin suna ya kamata a san abin da za a raɗa wa. A fim na farko, wanda James Cameron ya ba da umarninsa kuma ya fito a 1984, an turo wani soja mai suna Kyle Reese daga shekarar 2029 domin ya kare Sarah Connor daga wani mutum-mutumi da aka aiko ya kashe ta. Da 'yan sanda suka kama shi, likitan ƙwaƙwalwa ya tambaye shi abin da ya hana shi zuwa da makaman zamaninsu, sai ya bayyana cewa na'urar da ke mayar da mutum zamanin baya ba ta wucewa da komai sai abu mai rai, shi ya sa ya iso tsirara, hannu rabbana. Da aka ce masa ai shi mutum-mutumin ƙarfe ne, ya amsa da cewa an lulluɓe shi da tsoka da fata masu rai. Ya kuma ce an tarwatsa wurin da na'urar take bayan wucewarsa, don haka babu mai komawa, babu kuma mai sake zuwa. Doka biyu ke nan, kuma labarin ne ya kafa su da bakinsa.

Bayan shekara bakwai, a 1991, kashi na biyu ya fito daga hannun wannan darakta, sai ga mutum-mutumi biyu sun sake ratsowa. Ɗaya daga cikinsu, wato T-1000, narkakken ƙarfe ne zalla daga kai har ƙafa, babu tsoka babu fata, kuma fim ɗin bai tsaya ya gaya mana yadda na'urar ta yarda ta wuce da shi ba. Wannan wuri, inda labari ya taka dokar da shi ya shimfiɗa, shi ne abin da muke nema wa suna.

A nan ne wasu daga cikinmu suka ɓace hanya a majalisar, domin sun ɗauka ana nufin duk wani abin da ba zai yiwu ba a zahiri, har wani ya ce ai fim ɗin gaba ɗaya ƙarya ne, to mene ne na tsintar ƙarya a cikin ƙarya. Amsarsa tana cikin tatsuniya, wadda mu nan muke ce wa gatana. Babu yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa don Gizo ya yi magana, ko don kura ta je kasuwa, domin tun daga “ga ta nan ga ta nanku” an riga an yi yarjejeniya. Amma idan ta ce ƙofar dutse ba ta buɗewa sai an faɗi wata kalma, can gaba kuma kura ta shige ba tare da ta faɗe ta ba, nan take yara za su ce, “Kaka, ai kin ce sai an faɗi kalmar.” Yaran ba su ƙi almara ba, mantuwar mai ba da ita suka kama. Finafinan almarar kimiyya suna yawan faɗawa cikin wannan matsala, saboda su ne ke ƙirƙiro dokoki masu yawa, kuma kashi na biyu dole ya gaji dokokin na farko alhali yana son ya zo da abokin gaba wanda ya fi na baya ban tsoro.

Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce “ramin labari”, kuma ita ce na fi ƙi. Fassarar kalma da kalma ce, sannan rami a kunnen Bahaushe yana da nasa kaya: ramin mugunta da aka ce a gina shi gajere, da ramin ƙarya da aka ce ƙurarre ne. Wanda ya ji an ce marubuci ya bar rami zai zaci tarko aka ɗana wa wani.

“Giɓi” ta fi ta kyau nesa ba kusa ba, kuma na daɗe ina jujjuya ta, amma na ga wani abu daban take nunawa. Giɓi wuri ne da aka bari babu komai, kamar na haƙori, ana kuma cike shi. Misalinsa yana cikin Star Wars: a fim ɗin 1983 an jefa Sarki Palpatine cikin wani zuzzurfan rami, tashar da yake ciki kuma ta tarwatse, sai ga shi da rai a fim ɗin 2019, bayan shekara 36, ba tare da an nuna yadda ya tsira ba, illa 'yan kalmomi da aka yi a gurguje. Masoya fim ɗin sun yi ta ƙorafi, kuma suna da gaskiya, amma abin da suka rasa bayani ne. Ba a taɓa kafa dokar da ta ce irinsa ba ya dawowa ba. Wannan giɓi ne sosai. Na Terminator kuwa ba rashin bayani kaɗai ba ne, magana biyu ce ta ƙi haɗuwa.

Abin da nake ba da shawara shi ne “ɓarakar labari”, ko “ɓarakal labari” yadda harshenmu na nan zai furta ta. Ɓaraka tana faruwa ne a inda aka haɗa ƙyalle biyu ko fata biyu aka ɗinke, daga baya ɗinkin ya saki, kuma duk telan kasuwa ko badukun garin nan ya san cewa jaka ko riga daga wurin haɗi take fara ɓarkewa. Kashi na biyu na fim ɗinki ne aka yi a jikin na farko, don haka ba mamaki a ce a nan aka fi samun matsalar. Mun kuma riga mun saba cewa “zaren labari”, wato tun asali Hausa tana kallon labari kamar abin da aka saƙa ko aka ɗinka. Babbar fa'idarta a wurina ita ce ba ta zo ita kaɗai ba, ta zo da danginta. Za a iya cewa labarin ya ɓarke a wuri kaza, ko fim ɗin yana da ɓaraka biyu, ko marubucin ya yi ƙoƙarin ɗinke ɓarakar. Idan kuma aka dawo daga baya aka ƙago bayani don a rufe ta, kamar masu cewa wataƙila T-1000 yana iya kwaikwayon fata mai rai har ya ruɗi na'urar, to wannan faci ne, kuma kowa ya san faci ko ya yi kyau ana gane shi.

Ƙari, bayan na karanta amsoshinku.

Allah shi gafarta Malam, na ga gyaran da ka kawo cewa Hausa ta riga tana da “tufka da warwara”, don haka babu buƙatar ƙirƙira. Na karɓi rabin maganar. Ita ce ta fi kowace kalma bayyana abin da marubucin ya aikata, ya tufka a 1984 ya warware a 1991. Amma aikin mutum take sifantawa, ba wurin da ke cikin labarin ba, kuma ba ta ƙirguwa: ba na jin za a ce fim yana da tufka da warwara uku kunne ya amince. Sannan ɗalibanku na adabi, a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran wurare, sun riga sun san “warwarar jigo” da ma'ana mai kyau, wato yadda ake bin jigo daki-daki, ina tsoron kada kalma ɗaya ta zama yabo a aji ta zama suka a wajen sharhi. Ina ganin a bar ta ga marubucin, a ce ya yi tufka da warwara, sakamakon haka ɓaraka ta fito a labarinsa.

Hajiya, ke kuma kin ce ɓaraka ta zama kalmar 'yan siyasa, kullum rediyo na cewa ɓaraka ta kunno kai a jam'iyya. Haka ne, amma su ma daga wurin tela suka aro ta, kuma da zarar an ce “ta labari” babu mai kai hankalinsa ga jam'iyya. Wanda ya kawo “yoyo” ya ba ni dariya, kuma a hira zan iya cewa labari yana yoyo, sai dai ba ta dace da rubutun nazari ba. Mai tambaya ko hular jarumi da ta canza launi tsakanin fitowa biyu ita ma ɓaraka ce, a'a, wannan kuskuren ɗauka ne, abin da 'yan fim ke kira kwantiniti, bai taɓa ƙashin labarin ba.

Saura tambaya ɗaya da wani ɗan'uwa ya yi, wadda ta sa na sake tunani. Ya ce Kyle Reese soja ne, ba injiniya ba, kuma a wannan zama da likitan shi da kansa ya nuna cewa ba shi ya ƙera na'urar ba, to me zai hana a ce shi ne bai san daidai ba? Game da doka ta biyu na yarda da shi, domin Reese ya riga ya wuce kafin a tarwatsa wurin, abin da aka shirya yi ya faɗa, bai gani da idonsa ba, saboda haka na janye ta daga lissafi. Doka ta farko kuwa ba a bakinsa kaɗai ta tsaya ba. Kashi na biyu da kansa ya sake nuna matafiyan biyu sun iso tsirara babu makami, har da shi T-1000, wato fim ɗin yana riƙe da dokar a hannu ɗaya yana karya ta da ɗayan. Ɓaraka ɗaya ke nan ta tabbata maimakon biyun da na lissafa da farko, kuma haka zan gaya wa ƙanen namu yau da dare.